Takardar da Gwaggo ta Bari a Gwangwani

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Laraba bayan azahar, kafin magariba an kai ta makwancinta. Yau kwana tara ke nan. Na ɗauki biro ne don ina tsoron kada a manta ta, ga shi a garin nan mutuwa ta yi yawa har mutum ba ya gama jimamin wannan sai an aiko da labarin wancan.

A ranar ban yi kuka ba, aiki ya hana ni. Ina ta kaiwa da kawowa da tabarmi da butoci, ina ganin mutane. Wani ɗan acaɓa, ƙato mai gemu, ya jingine babur ɗinsa ya zauna a ƙasa a ƙofar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro. Dattawa suka ce ya yi haƙuri, addu'a take buƙata ba hawaye ba. Ya ce, "Na sani, Baba, ku bar ni. Ni ne na ɓoye takalmin." Suka dubi juna, suna zaton kansa ya taɓu. Mu da muka san yadda Gwaggo take koyarwa mun gane: wani laifi ne na ƙuruciya da ta sani, ta rufa masa asiri har ta mutu.

Wata tsohuwar ɗalibarta, Kirista, ta taho daga Kusasu a bayan babur ta hanyar gonaki, ƙafafunta duk taɓo. Ta durƙusa a gaban matan gida ta ce, "Malama ce ta fara ce min ni ma ina da kai." Dangin da suke wajen Randagi ba su zo ba, hanya ba ta biyuwa. Waya suka yi ta bugowa, ana "Allah ya jiƙan" sai layi ya yanke kafin a kai ƙarshe. Mahaifina kuwa, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, ya zauna da carbi a hannu ba ya ja. Da na kai masa ruwa sai ya ce, "Yanzu babu wanda ya rage da zai kira ni da sunana."

Ban da ni, mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba: 'yar ƙanina, mai shekara goma sha ɗaya, wadda take hannuna. Sunan Gwaggo aka sa mata, shi ya sa duk gida Takwara muke ce mata. Mahaifinta ya tafi gona wata damina, mutanen daji suka yi gaba da shi, har yau ba shi ba labarinsa, ba mu ga gawa ba balle mu yi masa salla. Mahaifiyarta ta koma wajen danginta da ƙananan, ta bar min wannan don ta yi karatu. Gwaggo ce ta riƙe yarinyar nan a makaranta da hannu biyu. Tun ranar Larabar nan Takwara ta rataye kayan makarantarta a ƙusa a bayan ƙofa, ta ce ta gama. Abin da yake ci min rai ke nan, kuma ba zan iya ba da labarin Gwaggo ba tare da shi ba.

Ranar sadakar uku, wata maƙwabciya tana tattara ɗakin marigayiya sai ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, babba, an huda murfinsa. Ta girgiza ta ce, "Wannan kuma fa? Ba komai sai takardu. A zubar?" Na karɓe shi daga hannunta da sauri har ta tsorata. Na sa shi a cikin mayafina na kawo gida, na ajiye a kan durowa, ban buɗe ba.

Gwaggo malamar firamare ce, Turanci take koyarwa, har ta yi ritaya. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, uku ta haifa duk suka koma tun suna goye. Doguwa ce siririya, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Gidanta yana daidai kwanar da ake karyawa a miƙe zuwa makaranta. Kullum da safe tana kan dakali da moɗar kununta, duk yaron da zai wuce sai ta tare shi da sanda. "Kai, tsaya. Ba ni kalma ɗaya ka wuce." Sai ya faɗi kalmar Turanci ɗaya da ma'anarta. Wanda ya maimaita ta jiya sai ta ce, "Wannan ta kwana, ta yi tsami. Kawo sabuwa."

Gwangwanin ya girme ni. Da shi ta koyar a aji tun tana da ƙarfinta, da ta bar aiki ta taho da abinta gida. Ya daɗe a ajiye, sai da ƙauyuka suka fara watsewa, mutane suna shigowa gari da tabarmi a ka, yaransu suna cika azuzuwa, sannan ta sake fito da shi. Ta sa aka share mata zaure, aka shafa wa wani falankin katako baƙin tsohon batir ya zama allo. Bayan la'asar yara su zo, na gari da na ƙauye, ba ta tambayar kowa ɗan gidan wa ne.

Ga yadda take yi. Duk wanda aka ci zalinsa, a makaranta ko a hanya ko a wajen ɗiban ruwa, sai ya rubuta abin da aka yi masa da Hausa a 'yar takarda, ya naɗe ya jefa a gwangwani. Wanda bai iya rubutu ba ya raɗa mata a kunne ta rubuta masa. Sharaɗi ɗaya ne: ba a sa suna, ba na mai ƙara ba, ba na mai laifi ba. Idan an zauna sai ta sa hannu ta zaro ɗaya, ita ce darasin ranar. "An ture ni a layin famfo, bokitina ya zube, suka yi dariya." Sai ta ware kalmomin a allo, ture, zube, dariya, kowace da Turancinta a gefe. A maimaita har su zauna a baki. Sannan a haɗa jimla, a kai ta jiya, a dawo da ita yau.

Daga nan ne abin yake. Kowane yaro a da'irar, ɗaya bayan ɗaya, zai faɗi jimlar da Turanci sau uku. Na farko a matsayin wanda aka yi wa: an ture ni. Na biyu a matsayin wanda ya yi: ni na ture ta. Na uku na gobe ne: ba zan ƙara ture ta ba. Kowa sai ya faɗa, har ita kanta Gwaggo, ita take farawa. Don haka mai laifin yana zaune a cikinsu, zai faɗi laifinsa da bakinsa, kuma babu wanda zai nuna shi da yatsa tun da kowa ya faɗi irinta. Wanda muryarsa ta sarƙe ya kasa, ba a tilasta masa, ba a kuma kallonsa. Sai na kusa da shi ya tashi ya ɗebo masa ruwa a randa, a wuce zuwa na gaba.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta bin littafi kamar sauran malamai. Ta ce, "Littafin yana maganar jirgin ruwa da dusar ƙanƙara. Wa ya taɓa ganin ɗaya a cikinsu a Birnin Gwari? Amma duk yaran nan babu wanda ba a taɓa turewa ba. Kalmar da yaro ya koya a kan abin da ya yi masa ciwo ba ta fita daga kansa." Gaskiya ta faɗa. Ni da na yi sakandare, yawancin Turancina ya bi ruwan wanke-wanke, amma kalmar ɓoyewa da ta takalmi suna nan daram, don ina aji huɗu ranar da aka zaro takardar wata yarinya da ta koma gida ba takalmi a tsakiyar rana.

Ba kowa ne ya so abin ba. Wata rana ina gidan ina taya ta tsintar wake, wani Alhaji mai sayar da hatsi ya yi sallama da ƙarfi, ko zama bai yi ba.

"Malama, ni Turanci na turo yarona ya koya, ba tonon asiri ba! Jiya ya dawo yana kuka, ya ƙi cin abinci. A kan me za a ce ɗana ne ya zuba wa 'yar mutane ƙasa a abinci?"

Gwaggo ta gyara tabarau. "Alhaji, sannu da zuwa. Wa ya ce ɗanka ne?"

"To ai..."

"Ni ban faɗa ba. Takardar ba ta faɗa ba. Yara ashirin ne suka ce su suka zuba. Kai ne mutum na farko da ya kawo min suna."

Sai Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Kai, Malama, ke dai ba a iya miki." Washegari ya aiko da tabarmi biyu sababbi don zauren.

Nawa faɗan da ita bai ƙare da dariya ba. Da Takwara ta shiga makarantar gari, ba a yi wata guda ba ta daina magana a aji. Hausarta tana da gardin yaren mahaifiyarta, idan ta buɗe baki sai a kwaikwaye ta. Suka sa mata 'yar daji. Mafi muni, suka fara cewa mahaifinta infoma ne, shi ya sa bai dawo ba, yana can yana cin nama da mutanensa. Mutumin da ko akuyar maƙwabci bai taɓa kora da dutse ba! Ranar da na ji wannan na zari mayafi na tafi wajen Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, ke kin san su. Ki ba ni sunayensu in kai wa hedimasta a zane su a gaban asambuli."

Ta ce, "A zane su, sannan fa? Su jira ta a bayan makaranta?"

"To haka za mu zuba ido? Marainiya ce fa!"

"Ki bar min ita. Kuma ki riƙa turo min Babba ita ma."

Babba ita ce 'yata ta fari, ta girmi Takwara da shekara ɗaya, aji ɗaya suke. Ba sunanta ba ne, ni dai ba na iya kiran sunanta. Haka muka tashi muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta sakewa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta jawo shi jikinta. Na ce wa Gwaggo Babba ba ta da matsalar Turanci, ita ce ta uku a ajinsu, kuma bayan la'asar ita take kama min girki. Na ƙara da maganar da har in mutu zan riƙa jin kunyarta. Na ce, "Ke da yake ba ki san zafin ɗa ba, shi ya sa kike lallaɓa masu laifi."

Ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta mayar. Mako guda ban taka gidanta ba. A rana ta takwas sai ga ta da kanta da sandarta, da ƙullin daddawa a leda, wai ta ji miyata ba ta ƙamshi kwana biyu. Na durƙusa ina ba ta haƙuri ta ce, "Tashi, tuwonki zai kama." Ta tarar ina yi wa Takwara kitso, kanta a cinyata, ina yi mata hira, Babba kuma tana can bakin murhu tana fifita wuta. Gwaggo ta daɗe tana kallonmu. Da za ta tafi na raka ta zaure sai ta ce, "Kina kitsa wa ɗaya, kina kunyar ɗaya. Ki turo min Babba." Na ce to. Ban tura ba.

Duk da haka Takwara ta farfaɗo a hannunta. Gwaggo ta sa ta zama mai share allo, ta ba ta tsohon ƙamus ɗinta mai yagaggen bango. Idan yarinyar ta ce ba za ta makaranta ba, sai Gwaggo ta aiko a ce mata, "Takwarata, ina kan dakali, kununa yana hucewa, ba zan sha ba sai kin kawo min kalmata." Haka kawai take tashi ta sa kaya. Ba don makarantar take zuwa ba, don tsohuwar nan da take jira a kwana ne.

Ciwon bai yi wata ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, likita ya ce sai Kaduna. Aka ce a jira ranar da motoci za su fita da rakiyar jami'an tsaro. Muka jira. Aka ɗaga, muka sake jira. Muna zaune muna kallonta tana ƙarewa, mota a ƙofar gida da mai a ciki, ba yadda za mu yi. Ita ce ma take ba mu haƙuri, wai Kadunan ma ai mutuwa ake yi a can. Ranar Talata na kai mata kunu ta kama hannuna ta ce, "Har yanzu ba ki turo min ita ba." Na ce idan ta warke zan kawo ta da kaina. Ta yi murmushi ta rufe ido.

Bayan rasuwar na yi duk abin da na sani a kan Takwara. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, na ce mahaifinta zai ji daɗi idan ya dawo ya tarar ta yi karatu. Ta dube ni ta ce, "Umma, zai dawo ne?" Maigidana ya ce in bar ta ta huce. Kwana bakwai kayan suna rataye.

Shekaranjiya, bayan an watse daga addu'ar bakwai, na buɗe gwangwanin. Takardu huɗu ne a ciki. Uku sababbi ne, na yaran da ban sani ba, kuma ban san abin da zan yi musu ba. Ta huɗun ta tsufa, ta yi laushi saboda naɗewa da warwarewa. Rubutun Takwara ne, na san yadda take karkata haruffanta. Ga abin da ta rubuta:

"Wadda muke cin tuwo kwano ɗaya da ita ta ce idan mun wuce kwana in tsaya a baya kada a san gidanmu ɗaya. Ita ce ta gaya musu Babana bai dawo ba. Da suka ce infoma ne ta yi dariya tare da su."

A ƙasa, da jan biro, Gwaggo ta riga ta ware kalmomin, ta rubuta jimlolin da Turanci, na jiya da na yau da na gobe. Darasin a shirye yake. Wata nawa tana zaro takardar nan, ta gane ta, ta mayar, tana jiran ranar da Babba za ta zo ta zauna a da'ira? Ba ta karanta a bayan idonta ba. Ba ta kuma gaya min ba, don ta san abin da zan yi: da na ɗauki muciya.

Kuma na so in ɗauka. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu, ina jin Babba a tsakar gida tana wanke kwanoni. Ni da na je neman sunaye don a zane 'ya'yan mutane. Na yi alwala na yi raka'a biyu, na roƙi Allah Ya kama min hannuna da harshena.

Jiya bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, na kira su su biyu. Ba ni da allo, sai na kifa faranti na rubuta a bayansa da gawayi. Na ce Gwaggo ta bar darasi ɗaya ba ta yi ba, za mu yi mata shi sadaka. Na karanta Hausar ban ɗaga kai ba. Muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, Turancina yana tuntuɓe, har sau biyu Takwara tana gyara min a hankali. Sannan na fara, yadda Gwaggo take farawa. Na faɗi na wadda aka yi wa. Na faɗi na wadda ta yi: ni na ce ta tsaya a baya, ni na yi dariya. Wallahi da na faɗa ban ji kamar ƙarya nake yi ba.

Takwara ta faɗi nata uku, muryarta ƙasa ƙasa, ba ta tsaya ba.

Aka zo kan Babba. Ta faɗi na farko daidai, Turancinta ya fi namu duka. Ta buɗe baki za ta faɗi na biyu, sai ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Na ga hannunta yana murɗa bakin hijabinta. Ni ce na kusa da ita, ni ya kamata in tashi, amma na kasa motsi, kunya da fushi da tausayi duk sun danne ni a wuri ɗaya. Sai Takwara ta miƙe ta tafi randa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye a gabanta, ba ta kalle ta ba. Ta ce min, "Umma, ba a tilastawa. Wucewa ake yi."

Babu na gaba da za a wuce wajensa. Muka zauna mu uku har aka kira magariba. Kafin in tashi na ɗora hannuna a kan Babba na ce kitsonta ya tsufa, gobe in ta dawo zan yi mata. Ta ɗago ta dube ni kamar baƙuwa ce ta yi magana.

Yau da safe na tarar ƙusar bayan ƙofa ba komai. Ban tambaya ba. Babba ta gama shiri ta tsaya a zaure, abin da ba ta saba yi ba, har Takwara ta fito da ƙamus ɗin a hannu. Suka fita tare. Na bi su har ƙofar gida na tsaya ina kallo. Suka isa gidan Gwaggo. Dakalin yana nan, ba moɗa, ba sanda. Na ga Takwara ta rage tafiya, bakinta ya motsa kamar tana faɗin wani abu, sannan suka karya kwana.

Daga ƙofarmu ba a ganin abin da yake bayan kwanar nan. Mai gani ɗin ta tafi.

Ya Allah, baiwarKa ta rufa asirin yara da yawa, Ka rufa mata nata. Ka yalwata mata kabarinta, Ka shayar da ita kamar yadda ta sa aka shayar da duk wanda muryarsa ta sarƙe. Mu kuma da Ka bari a baya, ga yaran nan sun sha kwana, idona bai kai ba. Ka duba min su.